Me ya sa ɗan ƙaramin jirgi ya riƙe Megathron ɗina har aka kashe ni?

Tambaya: "Na yi wata biyu ina tara ISK, kuɗin cikin wasa, a EVE Online, wasan yaƙin jiragen sararin samaniya, har na sayi Megathron, babban jirgin yaƙi, na ɗora masa manyan bindigogi masu cin nisa. Ranar farko da na fita da shi losek, yankin da tsaro ya yi ƙaranci, wani ɗan mitsitsin jirgi ya zo yana ta kewaya ni. Na yi harbi har na gaji ban same shi ko sau ɗaya ba, na nemi gudu abin ya ƙi, can abokansa suka zo suka farfasa ni. To mene ne amfanin babban jirgi? Kuma a irin waɗannan wasanni wane jirgi ne ya fi kowanne?"

Amsa:

Sannu ƙanena, Allah ya mayar da alheri. Abin da ya same ka ya sami kusan duk wanda ya daɗe a wasan nan, har da ni, nawa ma ya fi naka ban haushi don sau biyu na yi a mako guda. Babu wanda ya yi maka maguɗi. Haka kamfanin CCP na ƙasar Aislan ya ƙera wasan da gangan tun fitowarsa a 2003. Tambayarka ta ƙarshe kuwa kamar ka ce wanne ya fi tsakanin tirela da babur ne, alhali ba ka faɗi ko siminti za a kai Maiduguri ko cikin lungunan kasuwar Kurmi za a shiga ba. Kowane jirgi da aikin da aka yi shi dominsa, kuma kowanne an bar masa wata ɓaraka da sai wani jirgin daban ne zai toshe masa.

Rabin amsar tana cikin sunayen. Firiget, distiroya, kuruza, batilkuruza, batilshif, direnot, duk daga sojan ruwa aka aro su, kuma an aro su ne tare da matsalolinsu. A ƙarshen ƙarni na 19 manyan ƙasashe suna taƙama da ƙattan jiragen ruwa masu igwa, sai ga 'yan ƙananan kwale-kwale masu harba tofido, ga araha ga gudu, manyan igwogi ba sa iya bin su. Dole aka ƙera wani jirgi da ba shi da aiki sai farautar waɗannan ƙanana don ya kare babba. Shi ne distiroya, asalin sunansa ma mai halaka kwale-kwalen tofido. Direnot sunan wani jirgin Ingila ne na 1906 da ya mayar da duk na gabansa tsohon yayi. Batilkuruza kuwa an ba shi igwar manya aka rage masa sulke don ya yi gudu, kuma a yaƙin Jutland na 1916 guda uku na Ingila suka tarwatse a rana ɗaya. Yamato na Japan, wanda ba a taɓa ƙera batilshif da ya fi irinsa nauyi ba, jiragen sama ne suka nutsar da shi a watan Afrilun 1945. Masu tsara wasannin sararin samaniya wannan tarihin suka kwashe suka kai sama. Megathron ɗinka ɗan ƙaramin Yamato ne da ya fita ba rakiya.

Yanzu mu dawo kan abin da ya faru da kai a filin, don a nan ilimin yake.

A EVE harsashi ba ya tashi ya je ya sami jirgi yadda ido ke gani. Sabar wasan ce ke yin lissafi, kuma abu uku take dubawa: nisan abin harbi, girman inuwarsa a na'urar hange, da saurin da yake gilmawa ta gaban bakin bindigarka. Na ukun nan ne ya ci ka. Ka tsaya a tsakar gida ka bi jirgin sama da yatsa. Yana gudun ɗaruruwan kilomita a awa, amma da ƙyar yatsanka ke motsawa. To gwada bin ƙudan da ke kewaya kanka. Bai kai jirgin gudu ba ko kusa, amma wuyanka ne zai gaji. Firiget, ɗan ƙaramin jirgi irin wanda ya kama ka, mai gudun mita 1,000 a daƙiƙa, in yana kewaya ka daga nisan kilomita 50, digiri ɗaya da 'yan kai kawai bindigarka ke buƙatar juyawa a daƙiƙa, kuma za ta iya. In ya matso nisan kilomita 1, ko da rabin wannan gudun yake yi, sai ta juya kusan digiri 29 a kowace daƙiƙa. Relgan mai bakin milimita 425 irin wadda ake ɗora wa Megathron an yi ta ne don ta daki wani ƙato daga nesa, tana cikin bindigogi masu nauyin juyi. Yaron nan ya shiga ƙarƙashin bindigoginka ne, kamar ɗan dambe gajere da ya shige jikin dogo. Ko kwana za ka yi kana harbi, iska za ka yi ta duka.

Sai batun inuwa. Ta firiget ba ta cika wuce mita 40 ba, ta batilshif kuwa tana wajen 400. Wannan ya shafi abu biyu. Kafin ka harbi kowa sai na'urarka ta kulle shi, to shi yana kulle ka kafin ka ƙifta ido, kai kuma kana zaune kana kallon agogo yana juyawa. Sannan babbar bindiga tana ƙara shan wuya a kan mai ƙaramar inuwa. Kada ka ce da Raven ka saya mai makami mai linzami da ka tsira. Mizayil ba ya kuskure, gaskiya ne, amma in abin harbin ƙarami ne kuma yana gudu, kaɗan daga ƙarfin fashewar ke isa gare shi, sai ka ga kana yi masa susa.

Abin da ya hana ka gudu kuma shi ne ainihin sana'ar wannan yaron. 'Yan wasa suna ce masa takil, ni ina ce masa mai kamu. Kayan aikinsa uku ne, kuma duk wanda ya taɓa kiwo zai gane su nan take. Warp Disruptor talala ce: igiyar doguwa ce, kilomita 20 ga ta farko, 24 ga ingantacciyar, kana iya yawo a filin amma ba ka iya yin wap, wato dogon tsallen da jirgi ke yi a sarari, ka bar wurin. Warp Scrambler turke ne: gajere, kilomita 7.5 zuwa 9, amma riƙonsa ninki biyu ne, kuma yana kashe maka Microwarpdrive, injin da ke ba jirgi gudun tsiya. Stasis Webifier dabaibayi ne: daga nisan kilomita 10 yana cinye rabin gudunka ko fiye. Mai kamu ba ya zuwa don ya kashe ka. Karen farauta ne, ya riƙe ƙafa har mafarauta su iso.

Da me za ka tsira? Da yawa daga cikin maganin ba harbi ba ne. Tagar hira ta sistem, wato yankin rana ɗaya da duniyoyinta, tana nuna maka sunan duk wanda ya shigo, sabon suna ya bayyana ka ɗauka kai yake nema. Na'urar laluben nesa tana kai wa AU 14.3 (AU ɗaya shi ne nisan duniyarmu daga rana), danna ta ya zama maka kamar numfashi. Jirgi ba ya shiga wap sai ya fuskanci inda za shi kuma ya kai kashi 75 cikin 100 na gudunsa, batilshif kuwa yana daɗewa kafin ya juya wannan jikin, saboda haka a wuri mai haɗari kullum hancinka na fuskantar tasha kana tafiya. In kuma an riga an kama ka, Megathron yana da ɗakin duron, 'yan ƙananan jirage marasa matuƙi. Da ka zuba ƙanana biyar irin Warrior ko Hobgoblin ka sake su a kansa, da hankalinsa ya rabu. Akwai kuma Heavy Energy Neutralizer, wanda ke zuƙe batirin abokin gaba. Bugu ɗaya yana iya ƙarar da na firiget, talalar ta mutu na ɗan lokaci, in hancinka na kan hanya ka fice. Na tabbata ba ka ɗora ko ɗaya ba, don duk sabon shiga bindiga yake cika wa jirgi. Ni ma haka na yi.

Amma gaskiyar magana, batilshif ba jirgin fita shi kaɗai ba ne a bayan gari. Wurinsa cikin runduna, kuma a can ne za ka ga abin da ake nufi da rabon aiki.

Ɗan leƙen asiri ke gaba da kowa, sistem ɗaya ko biyu, yana faɗa wa kwamanda abin da ke bayan ƙofar shiga sistem na gaba: nawa ne, wane irin jirage, a wane nisa suke. Ba ya harbi, sau da yawa ma sunansa ba ya fitowa a takardar kisa, rahoton da wasan ke fitarwa in an fasa jirgi, amma runduna marar shi makauniya ce. Bayansa masu kamu. Masu araha su ne Atron, Slasher, Condor da Executioner, kowace daular wasan da nata. Ƙwararrun su ne intasefta irin Stiletto, Ares, Crow da Malediction. Microwarpdrive yana kumbura inuwar jirgi da kashi 500 cikin 100, wato kana gudu amma ka zama fitila, su kuwa an rage musu wannan larurar sosai. A nolsek da ramukan tsutsa, yankunan da babu tsaro ko kaɗan, akwai wanda ya fi su ban tsoro, intadikta irin Sabre, wanda ke jefa kumfa mai kai wa kilomita 20 ta kowace fuska, kusan duk wanda ke ciki ba shi ba wap, ko abokinka ne ko kai kanka. Matuƙin Sabre ya san shi za a fara harbi. Yana jefa kumfar yana salati.

Bari in ba ka labarin kamuna na farko, ko ka ji yadda abin yake daga ɗaya ɓangaren. Muna wajen mu ashirin, ina cikin Slasher. Ɗan leƙen asiri ya ce akwai Hurricane, wani batilkuruza, a wani filin duwatsu yana harbin 'yan fashin kwamfuta. Kwamanda ya kira sunana ya ce je ka. Na sauka da nisan kilomita talatin da wani abu. Hannuna na rawa, saura kaɗan in danna "tunkare shi" kai tsaye, wanda shi ne kuskuren da ke kashe masu kamu, don in ka miƙe masa sak gilmawarka ta zama sifili, igwa ɗaya ta gama da kai. Na tuna abin da aka koya mini, na riƙa danna sarari gefe-gefe ina shiga a karkace kamar mai hawa tudu da kaya. Da na kai kilomita 19 na kunna talala, na ce "na kama" da wata murya da ban san tawa ba ce. Ya sako duron. Garkuwata ta tafi, jan layi ya fara cin sulke, ni kuwa ina ta kewayawa ina jin kwamanda yana cewa ku yi wap, ku yi wap. Suna sauka jirgina na fashewa, amma wani ya riga ya karɓi riƙon. Hurricane ɗin bai bar filin ba. Jirgin da na rasa bai kai kuɗin kayan da ke jikin nasa ba, balle shi kansa. Wanda ya kama ka ma wataƙila haka hannunsa ke rawa.

Sai loji, masu gyara. Waɗannan su ne ke rarrabe runduna da taron 'yan kasuwa. Suna tsayawa a baya suna harba gyara maimakon harsashi. Osprey da Scythe na garkuwa ne, Augoror da Exequror na sulke, manyan yayyensu kuma Basilisk, Scimitar, Guardian da Oneiros. Wanda aka sa wa ido yana danna neman agaji, sunansa ya fito a jerin loji, su kulle shi su zuba masa. Akwai wani ɗan bambanci da ke sauya yaƙi gaba ɗaya: gyaran garkuwa yana sauka ne a farkon zagayen na'ura, na sulke sai a ƙarshensa. Shi ya sa rundunar sulke ke son jirage masu kauri da za su jure kafin agaji ya iso, ta garkuwa kuma ta fi son gudu da tazara. Shi ya sa kuma ba a cakuɗa su a runduna ɗaya. Kwamanda zai faɗi irin jirgi da irin kayan da kowa zai ɗora, ka zo da naka daban ka zama nauyi. Maganin loji kuwa bugu ɗaya ne: Maelstrom ko Tornado masu igwar milimita 1400, mutum hamsin su saki harbi a daƙiƙa ɗaya kan mutum ɗaya, ya mutu kafin a kulle shi don gyara. Tornado ɗin nan, da Naga da Talos da Oracle, su ne ainihin jikokin jiragen Jutland, bindigar batilshif a jikin da bai fi kwali ba.

Osprey da Augoror da yayyensu Basilisk da Guardian suna da wani tsari da ake kira sarƙar batir. Kowane ɗaya yana tura wuta ga na sama da shi da na ƙasa da shi a jerin sunaye, a haka dukansu suke samun fiye da abin da suke kashewa. Wani dare ina cikin Osprey, faɗa ya yi zafi, aka ɗauke wuta a unguwarmu. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana da caji, amma na'urar intanet ta mutu. Kafin in haɗa da waya in dawo, sarƙar ta tsinke ta wurina, na sama da na ƙasa duk batirinsu ya yi ƙasa, mun rasa mutum uku. Ba wanda ya zage ni, abin da ya fi ciwo ke nan. Tun daga ranar ba na karɓar loji sai na'urar tana kan batirinta. Ka lura kuma, in ka yi faɗa da ɗan wasa sannan layinka ya yanke, jirginka zai zauna a sarari minti 15. Abu ɗaya da ke taimakon irinmu shi ne sabar EVE, wadda ke Landan, sau ɗaya a daƙiƙa take lissafi, don haka jinkirin layi bai cika cutarwa ba kamar a wasannin harbi da bindiga. Yankewa ce matsalar, ba jinkiri ba.

Akwai masu yaƙin na'ura, waɗanda nake ganin sabbin shiga sun fi rainawa alhali sun fi kowa cin riba a kan ɗan kuɗi. Griffin da Blackbird suna makantar da jirgi, ya kasa kulle kowa sai wanda ya makantar da shi. Maulus da Celestis suna rage masa nisan gani ko su sa kullewarsa ta yi nawa. Crucifier da Arbitrator suna lalata juyin bindiga ko nisanta. Vigil da Bellicose suna haska abokin gaba, inuwarsa ta kumbura, manyan bindigogin 'yan'uwa su same shi. Maulus ɗaya na ɗan kwana uku a wasa yana iya mayar da Guardian na ɗan shekara goma ɗan kallo. In kana son a riƙa nemanka a runduna tun kana sabo, ga ƙofa nan.

Distiroya har yanzu aikin kakansa yake yi. Thrasher, Cormorant, Coercer da Catalyst suna ɗaukar ƙananan bindigogi bakwai ko takwas masu saurin juyi, firiget ya shigo gabansu ya zama nama, amma su kansu ba su da jiki. Da Thrasher ɗaya na tare da kai ranar nan da labarin ya sauya. Catalyst ma ya yi suna a wata sana'ar: a haisek, yankin da ya fi tsaro, inda 'yan sandan CONCORD ke halaka duk wanda ya fara harbi, mutane kan taru da Catalyst masu yawa su kashe babban jirgin dako kafin 'yan sandan su iso, sun san za su mutu, sun riga sun yi lissafin riba. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Kuruza irin Caracal, Vexor da Rupture su ne tsaka-tsaki, kuma a ra'ayina a nan ya kamata mutum ya daɗe, don suna koya maka komai ba tare da sun talauta ka ba. Masu jefa bam a ɓoye, Manticore, Hound, Nemesis da Purifier, firiget ne masu layar zana da ke ɗauke da makamin manya. Su bayyana, su saki bam ya yi tafiyar kilomita 30, su ɓace. Rundunar batilshif da ta cunkushe wuri ɗaya ita ce abincinsu.

To mene ne amfanin babba? Shi ne ke ɗaukar duka ya kuma rama daga nesa, shi ke rushe gine-gine, shi ke riƙe fili in an zo ƙwace shi. In masu kamu sun riƙe, masu haskawa sun haska, loji na baya, babu abin da ke tsayawa gaban layin batilshif sai irinsa ko wanda ya fi shi. Sama da shi akwai direnot irin Revelation, Naglfar, Moros da Phoenix, waɗanda sai sun kafe kansu na minti 5 ƙarfinsu ke fitowa, kuma cikin wannan lokacin ba motsi, ba karɓar gyara daga kowa. Ka ga ko a nan an bar ɓaraka. Can ƙoli kuma taitan, Avatar, Erebus, Ragnarok da Leviathan, kowanne tsawonsa ya haura kilomita 10.

Su ma ba su tsira daga abin da ya same ka ba. A Janairun 2013 a sistem ɗin Asakai, wani matuƙin taitan ya so buɗe wa rundunarsa hanya su faɗa kan abokan gaba, ya yi kuskuren dannawa, shi ya faɗa can shi kaɗai. Ƙananan jirage suka riƙe shi, kowane ɓangare ya yi ta kiran agaji har dubban mutane suka hallara. Shekara guda bayan nan, ranar 27 ga Janairun 2014, aka yi yaƙin sistem ɗin B-R5RB, wanda ya taso daga rashin biyan kuɗin mallakar sistem a kan lokaci. Awa 21 ana gwabzawa, taitan 75 suka tarwatse, asarar ta kai ISK tiriliyan 11, wadda aka ƙiyasta da kimanin dala 300,000. Jaridu taitan suka yi ta lissafawa. Amma taitan da ya ga ba sarki sai Allah tsalle zai yi ya bar sistem ɗin, kuma abin da ya hana su shi ne intadikta da suka yi ta shigowa suna jefa kumfa suna mutuwa, wasu na maye gurbinsu. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba, in ji Hausawa. A can sa gudu ya zo, hanyar gudun ce 'yan ƙanana suka toshe.

Tunda ka ce "irin waɗannan wasanni", tsarin bai tsaya a EVE ba, salon ne ke sauyawa. A Homeworld na 1999, firiget mai bindigar haske sai ya juya jikinsa gaba ɗaya kafin ya saita, yana narka manyan jirage amma ƙananan mayaƙa suna wasa da shi, sai ka haɗa shi da kobet, ƙananan jirage, masu bindigogi da yawa. Wanda ya iya wasan ma da kobet ɗin kwasar ganima yake sace manyan jiragen abokan gaba ya tafi da su mataki na gaba. A Stellaris na 2016 kobet na rayuwa ne da kaucewa, manyan makamai ba sa bin sa, don haka rundunar batilshif zalla tana buƙatar masu kakkaɓo mizayil da masu korar ƙanana. Elite Dangerous na 2014 ya ɗan bambanta don da hannunka kake tuƙi, kana raba wuta tsakanin garkuwa, inji da makami. Duk da haka masu faɗa da 'yan'uwansu 'yan wasa sun daɗe suna fifita Fer-de-Lance, jirgi matsakaici, a kan ƙattai irin Anaconda. A can nauyin babban jirgi da ke kusa da kai ne ke jinkirta maka tserewa cikin sistem, shi ya sa gwanaye ke tsallakawa wani sistem ɗin gaba ɗaya, wanda nauyin bai shafa ba. In a waya kake so, EVE Echoes na 2020 ya ɗauko yawancin rabon aikin nan, sai dai lambobinsa ba lallai su zo ɗaya da waɗanda na faɗa maka ba.

Da ni ne kai, ba zan sake tara kuɗin Megathron yanzu ba. Tunda jiragen daular Gallente kake tuƙawa, sayi Atron goma, ka ɗora wa kowanne Microwarpdrive da talala da ɗan abin kariya, ka jera su a tasha ɗaya kusa da losek. Ka shiga ƙungiyar da ke karɓar sabbi, EVE University tun 2004 wannan ne aikinta, ka ce kai mai kamu ne. Ka sa a ranka goman nan duk za su mutu. Bayan kowace mutuwa ka buɗe takardar kisa ka ga me ya kashe ka, daga wane nisa, da wane irin makami. Garkuwa ta fi rauni ga dukan EM, wato na lantarki, irin na leza, sulke kuma ga mai fashewa, kuma a takardar nan za ka fara ganin wannan da idonka. Kafin na goma ya ƙare za ka riƙa kallon jirgi ka san ko na shiga jikinsa ne ko na tsayawa nesa. Daga nan ka gwada Maulus, sannan Vexor ko Exequror. Duk waɗannan ana tuƙa su da asusun kyauta, ba sai ka biya Omega ba.

Abu ɗaya da ban ji ka ambata ba: ƙwan da matuƙi ke ciki. In jirgi ya fashe, kana fitowa ne cikin ɗan ƙwai, shi ma ana iya kama shi a fasa, duk abin da ka dasa a kanka ya tafi, ka farka a tashar gida. Da ka ga jan layi ya cinye sulke ya shiga gangar jiki, ka daina kallon bindiga. Zaɓi wata duniya ko rana a jerin da ke gefen allo, ka yi ta danna wap ba ƙaƙƙautawa tun jirgin bai fashe ba. Ƙwai kusan nan take yake tashi, kuma a losek ba a jefa kumfa, saboda haka in yatsanka bai tsaya ba da wuya su same shi.